Ƙarfen Zabon da Mahaifina Ya Raba wa Yaransa

Malama Firdausi, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara, domin alheri ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, amma na rasa yadda zan buɗe masa ba tare da na take ƙafar wani babba ba.

Ni baduku ne ɗan baduku, a nan Ƙofar Wambai. Mahaifina Malam Ashafa, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara arba'in yana ɗinkin takalman fata, kuma duk takalmin da ya fita daga hannunsa sai ya buga masa tambari a dunduniya. Hoton zabo ne a jikin wani ƙarfe da maƙeri ya ƙera masa, a ɗan gasa shi a wuta a danna a fata. Har yau dattijo in ya shigo kasuwa ba ya cewa a ba shi takalmi, cewa yake a ba shi Mai Zabo. Abin da ya sa zabo ba zaki ba, Baba bai taɓa gaya mana ba. Mahaifiyarmu dai ta ce romonsa yake so, shi ke nan.

To Baba yana da wata al'ada. Duk wanda ya koya wa sana'a, ranar yaye sai a dafa shinkafa a tara maƙwabta, a yi addu'a, sannan ya miƙa masa ƙarfen zabo nasa na kansa. Sharaɗi ɗaya yake gindaya masa, kada ya kuskura ya ɗora zabon nan a kan fatar da ba ta jimu ba. Babu takarda babu sa hannu, Fatiha kawai ake shafawa. Ƙarfe bakwai ya raba a rayuwarsa. Mutum huɗu sun rasu ko sun bar sana'ar, uku suna nan suna aiki: ɗaya a Gwammaja, ɗaya a Maraɗi, sai babbansu Baba Isyaku a Damagaram. Baba Isyakun nan shi ya koya mini riƙon basilla tun ina soke yatsuna ina kuka, kuma da Baba ya rasu shi ya yi masa wanka.

Bara na fara saka hotunan aikinmu a intanet. Ana nan sai ga wata Hajiya Zaituna, mai shaguna a Yamai da Dakar, ta zo har rumfata. Ta ɗaga takalmi ta lanƙwasa, ta shinshina, ta ce tana son in riƙa aika mata kaya duk wata. Malama, ranar nan don murna sai da na ɗinka ƙafar hagu biyu.

Sai dai ta zo da sharaɗi. Ta ce a kasuwar Yamai an fara sayar da wasu takalman roba daga ƙetare, an buga musu zabonmu tsaf, mako biyu sun tsinke. Don haka ba za ta zuba dukiyarta ba sai ta ga takardar da ke nuna tambarin yana da mai shi. Na kawo mata takardar rajistar sunan shagona ina taƙama, ta yi dariya ta ce wannan ba ita ba ce. Lauyanta kuma ya ce da zarar an yi rajistar, za a iya aika wa duk mai buga zabo wasiƙa ya daina. Na tambaya har da Baba Isyaku, aka ce doka ba ta san wani Baba Isyaku ba. Hajiya ma don ta sauƙaƙa mini ta ce tunda ita ke jin Faransanci kuma ta san ofisoshin can, za ta yi rajistar da sunan kamfaninta in huta da zirga-zirga. Ta ba ni zuwa bayan Babbar Sallah.

Ƙanena yana ta zuga ni in amince, wai kasuwa ba ta san zumunci ba. Mahaifiyata kuwa ta rantse duk ranar da takardar lauya ta isa hannun Isyaku, ba za ta ƙara cin tuwon da aka saya da ribar takalmi ba. Ni kuma gaskiya ina son cinikin nan, ina sonsa ƙwarai, kuma ina jin kunyar irin son da nake masa. In ƙwace abin da Baba ya bayar da hannunsa, ko in bar masu roba su cinye sunansa?

Ɗan Baduku, Ƙofar Wambai

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Baduku. Da farko barka, wanda aikinsa ya sa aka taso daga Yamai ai sai a taya shi murna. Kwantar da hankalinka, rigar da ka ɗinka wa kanka ce ta matse ka. Lauyan cewa ya yi za a iya hana kowa, ba cewa ya yi dole a hana ba. Mai tambari yana da ikon bai wa wanda ya ga dama izini a rubuce.

Hajiya ta yi gaskiya da ta yi maka dariya. Rajistar sunan shago daban, rajistar tambari daban, ita ta biyun a ofishin rajistar tambura na ma'aikatar ciniki ake yi a Abuja. Kuma ko ka yi ta, ƙarfinta a bakin iyaka yake tsayawa. Sa'ar da ka ci ita ce Nijar da Senegal da sauran ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci ofishi ɗaya suka haɗa a Yawunde ta Kamaru, rajista ɗaya ta wadatar a dukansu. A can galibi wanda ya riga shigar da takarda shi ke gaba, ko da jiya ya fara ganin zabo. In mai roba ya riga ka, kai da Baba Isyaku duka za ku iya wayar gari an kira ku masu jabu. Ka ga zama shiru ba kare dattijon ba ne. Nemi lauyan da ya san wannan fanni, naka na kanka, ka fara shigarwa a gida, sannan kada ka bari wata shida ya cika ba ka shigar da ta Yawunde ba, don a lissafa maka daga ranar farko.

Batun rajista da sunan kamfanin Hajiya kuwa, ka gode mata da kyau, ka ce a'a. Ba zarginta nake ba, mai yiwuwa zuciyarta fara ce tas. Amma kamfani ana sayar da shi, ana gadonsa, kuma magaji takarda zai duba, ba zai san wata hira da aka yi a Ƙofar Wambai ba. Tambari da sunanka, ita kuma ku rubuta yarjejeniya ta shekaru ƙayyadaddu cewa ita kaɗai za ka riƙa bai wa kayanka a Yamai da Dakar. Abin da take tsoro jabu ne, kuma wannan tsarin ya yi maganinsa.

Ƙanenka bai yi ƙarya duka ba, suna ba ya tsare kansa. Mama ma tana da gaskiya, kyautar da uba ya yi a gaban shaidu ba a karɓe ta da wasiƙa. Mutanen nan uku da mahaifinka ya bai wa ƙarfe ka rubuta musu izini ba tare da ko sisi ba, ka sa sharaɗin mahaifinka na jimammiyar fata a ciki, kowa kuma ya ƙara sunan garinsa a ƙarƙashin zabon don mai saye ya san hannun da ya ɗinka. Sannan akwai abin da ba ka tambaye ni ba: ina sauran ƙarafa huɗun? Bi gidajen nan cikin mutunci ka san inda suke, kafin wani ya tsince su a cikin tarkace.

Amma kafin Abuja, kafin Yawunde, hau motar Damagaram. Kada ka yi waya, kada ka aiki kowa. Ka durƙusa ka gaida Baba Isyaku, ka zayyana masa komai, har da son cinikin da kake jin kunyarsa, ka nemi ya sa maka albarka. Ka tuna shekarun nan duka yana zaune a ƙasar da zai iya zuwa ya rubuta zabon da sunansa, bai yi ba. Mutumin da ya riƙe sunan mahaifinka haka babu takarda, bai kamata ya fara jin labarin takarda a bakin lauya ba.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya buɗa kasuwa, ya jiƙan Malam Ashafa. A gaida Mama.

Malama Firdausi