Kujerar Gefen Taga

'Yata,

Bayan gaisuwa, yaya maigidanki da jikokina? Ƙaramin ya daina tarin nan kuwa?

Ni lafiyata ƙalau, ƙafar ce kawai take gardama wajen hawa matakala. Mun ga tsofaffin gine-gine, mun shiga jirgin ruwa. Kin kyauta da kika matsa mini na zo, tunda mamanki ta ci burin wannan yawon buɗe ido kafin rasuwarta.

Jagoranmu yana da tsari: kafin mota ta tashi, sai ya ce kowa ya duba na kusa da shi. Shekaranjiya da muka fito daga kasuwa ya faɗi haka. Na dubi kujerar gefen taga, sai na ji bakina ya ce, "Ku dakata, tana tafe. Ita kullum sai ta tsaya ciniki."

Direba ya kashe mota, mutane suka yi ta leƙe. Jagoran ya ƙirga mu, sannan ya durƙusa kusa da ni ya ce a hankali, "Baba, mun cika."

Na ba su haƙuri.

Gobe za mu taso. A cikin tsaraba akwai shuɗin gyale da ban san lokacin da na saya ba, ki ɗauka.

Kada ki zo filin jirgi. Ki riga ni zuwa gida, ki kunna fitila. Ba na so in ƙwanƙwasa ƙofa in tsaya ina jira.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki