Na Hana a Tsaga Kumatun Rabi

Tiga, daren Laraba, Maris 1996

Ban taɓa yi wa mahaifiyata musu ba sai yau. Ta kawo wanzami don ya tsaga jan tabon da aka haifi 'yata Rabi da shi a kumatu. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni. Likita a Kano ya ce jijiyoyin jini ne, tsagawa haɗari ne. A ƙasar waje da wani haske, wai shi lesa, ake dusar da shi."

Ta ce, "To, hasken yana Tiga?"

Ina durƙushe tsakanin wanzami da Rabi, ban matsa ba. Wanzami ya mai da askarsa zabira.

Inna ta ƙi cin tuwo. Gobe zan ba ta haƙuri, Asabar in koma wurin likita ya nuna mini hanya.