Ni Na Mayar Da Mijina Injiniyan Birki

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, ina gaida duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana. Masu saurin wa'azi kuma ku daure ku karanta har ƙasa kafin ku fara, don ni ma na san ban kyauta ba.

Ina zaune a Dutsen Kura nan Minna da mijina da 'yarmu Ummi. Mijina ma'aikacin ofis ne, aikinsa zama a kujera da buga hatimi a takarda, amma a ransa shi injiniya ne da duniya ta ƙi ganewa. Ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, bai taɓa barinmu da yunwa ba, wannan kam na ba shi. Ciwonsa ɗaya ne: da ya kalli bidiyon gyara a waya, shi ke nan ya sauke karatu. Fanka ta tsaya, ya kwance ta ya mayar, ta dawo tana ƙara kamar injin markaɗe. Famfon banɗaki na ɗiga, ya sa masa hannu, sai ga ruwa har falo. Ni kuma me nake yi? Da ya fita aiki sai in kira mai gyara a ɓoye. Ya dawo ya tsaya gaban fanka, hannu a ƙugu, yana cewa, "Maman Ummi, kin gani ko? Dama sai ta ɗan huta take daidaita." Ni kuma in ce, "Sannu da aiki, Injiniya." A zuciyata kuwa cewa nake, ji sakarai. Haka na saba masa, wai don a zauna lafiya.

To kwanakin baya motarmu ta fara ƙugi in an taka birki. Na ce mu kai ta gareji a canza takalmin birkin. Ya kalle ni sheƙeƙe ya ce, "Gareji? Wurin yaran nan da ko firamare ba su gama ba? Abin da zan yi kafin ki sauke tukunya?" Ya tafi Sauka Kahuta ya sayo sabbin takalman, ya aro jak na ɗaga mota, ya jingina waya a jikin bokiti, ya tuɓe daga shi sai singileti. Mutumin cikin bidiyon ya gama nasa yana murmushi, nawa Injiniyan kuwa tun hantsi har la'asar yana ƙarƙashin mota yana nishi yana zagin noti. Na sauke tukunya, mun ci, na wanke kwanuka, yana nan. Da ya mayar da taya sai na ga wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe a ƙasa, na ce, "Baban Ummi, wannan fa?" Ko kunya babu ya ce, "Ƙari ne. Kamfani ke sakawa don ado." Ado! A cikin birki!

Ranar Litinin abokin aikinsa ya zo ya ɗauke shi, ni kuma na ɗauki motar zan je kasuwa. Ina isa gangaren bakin titi na taka birki, sai na ji ƙarfe na cin ƙarfe, motar ta fizge gefe ta nufi wata mata mai suyar doya. Wallahi har yau ina ganin idon matar nan. Birkin hannu na ja da dukkan ƙarfina, motar ta tsaya dab da kaskonta. A hankali na lallaɓa zuwa wani gareji can nesa inda ba a san mu ba. Da aka cire taya sai ga shi ya saka takalmi ɗaya a juye, bayan ƙarfen ne ke goga farantin birki, noti ɗaya kuma da yatsa ma yana juyawa. Bakaniken ya tambaye ni wa ya yi aikin, na ce wani yaro ne a unguwarmu. Aka gyara, na dawo na ajiye motar daidai inda take, na ɓoye masa zancen garejin. Da yamma ya zagaya layi da ita, ya zo ƙofar gida ya taka birki ƙiiit, ya leƙo yana washe baki: "Maman Ummi, kin ji birki? Wannan shi ake kira aiki!" Ni kuma, Allah ya yafe min, na tafa masa.

Tun daga ranar ba mu huta ba. Majalisa an ji, ƙofar masallaci an ji, 'yan uwansa na Bida ma sun ji ta waya. Ya sayo shuɗiyar rigar makanikai da akwatin sufanu, yana goge su kamar kayan ɗakin amarya. Ina kallonsa ina jin haushi, ina kuma dariya a ciki, ban san dariyar za ta dawo kaina ba.

Akwai maƙwabciyarmu Maman Joy, 'yar kudancin Kaduna, mace mai kirki. Ita ke kwasar yaran layinmu a motarta ta kai su makaranta tare da 'yarta, har da Ummina. Shekaranjiya ta shigo da fara'arta ta ce, "Maman Ummi, motana yana kuka for birki. Oganki ya ce zai yi mini ran Asabar, ba sai na je gareji ba. Kin yi sa'an miji o! Nawa ko kwan lantarki ba ya iya canjawa." Anti, ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Wannan gangaren da na kusa hallaka mai doya, shi take bi kullum da safe, mota cike da yara.

Na same shi yana jera sufanunsa na ce, "Baban Ummi, ka bar motar mutane mana, ta kai gareji." Na zaci zai yi faɗa, har na shirya baki. Sai ya ajiye sufana ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kin san a ofis ba wanda ke tambayata komai? Takarda kawai ake turo min. Ke kaɗai kika yarda ina da abin yi da hannuna. Duk abin da na gyara, ke kike fara ce min sannu." Ina zan sa kaina? Mutumin da nake rainawa a ɓoye, ashe a kan ƙaryata ya ɗora duk darajarsa. Sai kawai na ce bari in duba girki.

Yanzu in na faɗa masa gaskiya, ba birki kaɗai ba ne, sai na tono fanka da famfo da duk wani "sannu Injiniya" da na taɓa furtawa, kuma na san shi, ba zai ƙara yarda da yabona ba har abada. In na je wa Maman Joy a ɓoye, bakinta ba ya riƙe magana, kafin azahar duk layi sun san matarsa ce ta tona shi. Wannan motar kuma ba tawa ba ce balle in sace ta in kai gareji. Har na yi tunanin in ce Ummi ta koma hawa keke napep, sai na ji kunyar kaina: in cire tawa in bar 'ya'yan mutane?

Har yanzu ina ganin wautarsa, ba zan ɓoye muku ba. Amma shi bai san bai iya ba, ni ce na sani. Jiya ya sayo takalman birkin Maman Joy, suna nan a kan teburin falo kusa da jakar makarantar Ummi, kuma gobe ne Asabar.

Don Allah 'yan uwa, me zan yi?