Hannun Hagu a Sama

Kibuye, Kisumu
9 ga Maris, 1997

Zuwa ga Yayata Apondi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mijinki da yara, kuma sanyin Nakuru bai hana ki sakewa ba. Mama tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi har ta koma zuwa coci da kanta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji bakwai na tsaya.

Yaya, an yi mini abu. Kin tuna hoton Baba da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Mama, wanda ya sunkuya da sandar wasan hoki a filin jami'a, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe? Shekara ashirin da biyu yana yanke ciyawar filin nan yana zuba farin layi, hoto ɗaya tak aka taɓa ɗaukarsa. To, na zana inuwarsa da baƙi a takarda shara-shara, na liƙa a bangon shagon da nake buga riguna. Niyyata in buga mana a riguna uku, ni da ke da Mama, ranar da zai cika shekara biyar da rasuwa.

A watan Janairu wani ɗalibi ya shigo, Benard Ombija, sakataren kwamitin wasanni na jami'a. Taye a wuya da tsakar rana, turare kamar an fasa kwalba. Ya ga zanen ya ce, "Omera, ɗan'uwana, ara mini wannan kwana biyu in nuna wa kwamiti. Ana neman sabon tambari ga ƙungiyar hoki, wataƙila su kira ka." Na cire na ba shi da hannuna.

Shekaranjiya na sayi omena, sai ga Baba a jikin jaridar da aka ƙunshe mini kifin, duk mai ya ɓata shi. A gefensa Ombija ne yana murmushi da takardar yabo, wai shi ya ci gasar zanen tambari. Ya gaya wa ɗan jarida cewa a mafarki siffar ta zo masa.

Na je na tare shi a ƙofar jami'a. Ya dube ni tun daga silifas har kai ya ce, "Mutum ya sunkuya da sanda, ai ko ɗan firamare zai zana. Kai da ko takardar gama firamaren ba ka da ita, wa zai saurare ka?" Abokansa suka yi dariya. Na ce masa a sauka lafiya, na hau kekena.

Ban gaya wa Mama ba. Ki gaida yara.

Ƙanenki,
Okoth

Nakuru
20 ga Maris, 1997

Ƙanena Okoth,

Na samu wasiƙarka, muna lafiya, yara suna tambayar kawunsu. Na karanta ta a ɗakin malamai, sai da na fita waje don kada a ga fuskata.

Ka ɗauki hoton nan ka je wurin Tsoho Gurdip Singh. Shi ne kocinsu har yanzu, kuma ya san Baba tun kafin a haife ka. In ba za ka iya ba, ka bar wa Allah, ka sake zana wani. Abin da ba na so shi ne shirun nan naka. Na san ka. Kai ne ka yi wata shida kana gaida Ouma da ya karya maka keke, ranar da aka manta ka sakar masa awaki cikin gonar masara. "A sauka lafiya" ɗin nan da ka ce wa yaron nan shi ya hana ni kwanciyar hankali.

Ka gaida Mama, ka ce ta rage hawa tudu.

Yayarka,
Apondi

Ofishin Kwamitin Wasanni
2 ga Mayu, 1997

Zuwa ga Okoth Obiero, mai buga riguna, Kibuye,

Bayan gaisuwa irin ta aiki, ina sanar da kai cewa kwamiti, bisa shawarata, ya amince a ba shagonku aikin buga riguna talatin da biyu, ruwan ɗorawa, domin gasar jami'o'i da za mu karɓi baƙuncinta ranar 19 ga Yuli. Na yi haka ne don ka ga ban riƙe ka a zuciya ba kan rashin ladabin da ka nuna mini a ƙofa.

Ga sharuɗɗa. Za a buga tambarin daidai yadda yake a kwafin da ke haɗe, ba ƙari ba ragi, ba a buƙatar basirar kowa. A ƙarƙashinsa za a sa "Zanen B. Ombija" da ƙananan haruffa. Ba wanda zai ga rigunan, ko koci ko 'yan wasa, sai ranar da Shugaban Jami'a zai buɗe kwalin a gaban jama'a.

Ina fata za ka gane girman damar da aka ba ka.

Naka a bakin aiki,
Benard Ombija
Sakatare

Kibuye, Kisumu
25 ga Mayu, 1997

Yaya Apondi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya yi yawa bana, har ya shiga kasuwa. Mama lafiya.

Ban je wurin Tsoho Gurdip ba. Kura ce ta kawo kanta gidan mai sanda. Ombija ya ba mu aikin rigunan, ya aiko da kwafin zanen, kuma da na buɗe ambulan sai da na zauna a kan bokiti.

Bari in yi miki bayanin aikinmu. Zanen da za a manna a ƙarƙashin allon siliki, a juye ake zana shi, dama ta koma hagu, domin in an ja tawada ya fito daidai a riga. Wanda ya ara a bango na juye ne. Da ya ɗaga takardar ya duba ta baya, da ya ga daidai ɗin, amma ya kwafi gefen da fensir yake. A jaridar ma haka yake, mai ne ya rufe ban lura ba. Yanzu a tambarin jami'a mutum ya riƙe sanda hannun dama a sama, hagu a ƙasa, ƙugiyar tana kallon inda ba ta taɓa kallo ba.

Kin tuna abin da Baba yake fara gaya wa duk yaron da ya taka filin nan? "Hagu a sama, ko da kai bahago ne, ko da ubanka bahago ne." Ba a yin sandar bahago a hoki. Duk ɗan da ya taɓa gudu a filin nan ya sani. Ombija bai taɓa riƙe sanda ba, shi dai taro da rubuta abin da aka ce.

Na buga riga ɗaya ta gwaji na kai masa ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba da kyau, haka ake so?" Ya ce, "Haka na zana, haka nake so." Na ce, "To a sa mini hannu a jikinta, ni ba ni da ilimi, kada in yi kuskure." Ya ji daɗin maganar ƙwarai. Ya sa hannu, ya buga hatimi, har da kwanan wata.

Rigar tana ƙarƙashin katifata. Saura kwana hamsin da biyar.

Ƙanenki,
Okoth

Nakuru
6 ga Yuni, 1997

Okoth,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Wa kake shirin kunyatawa? Jama'a ba Ombija za su gani a ƙirjin yaran nan ba, Baba za su gani. Mutumin da ya koya wa rabin Kisumu riƙon sanda, kai ɗansa za ka fito da shi gaban baƙi daga Nairobi da Eldoret yana riƙe da ita kamar mai kashe maciji. Shi ɓarawon ya sace shi ne kawai, kai kuwa za ka sa a yi masa dariya. Kuma kana tsammanin sa hannu zai cece ka? In abu ya ɓaci, mai taye ba ya faɗuwa, mai silifas ake turawa. Za su ce mai bugu ne ya juya, maigidanka ya kore ka, Mama ta ci me?

Ka gyara zanen kafin ka buga sauran. In ka ƙi, kada ka aiko mini da riga, ba zan sa ba.

Apondi

Kibuye, Kisumu
21 ga Yuli, 1997

Yayata Apondi,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan fushin ya sauka ko da rabi. Ban amsa wasiƙarki ba don ba ni da abin faɗa sai an yi. Yanzu an yi.

Ranar Asabar na ɗauko kwalin a bayan keke na ajiye a kan tebur gaban rumfa. Fili ya cika, 'yan makaranta har kan bishiyoyi. Ombija ya yi jawabi mai tsawo a kan mafarkinsa. Shugaban Jami'a ya yanke zare, ya ɗaga riga sama, aka fara tafi.

Tafin bai yi nisa ba. Wata yarinya a kan katanga ta ce, "Kai, wannan a wace ƙasa yake wasa?" Sai 'yan Nairobi suka gano. Suka miƙe gaba ɗaya suka juya sandunansu, dama a sama, suna tafiya kamar agwagi suna cewa a ba su aron kocin da ya koyar da haka. Kyaftin ɗinmu ya ajiye rigar da aka miƙa masa a ƙasa ya ce shi ba zai sa ba.

Yaya, gaskiyarki. Dariyar nan ta shige ni kamar allura. Na ƙirga, ba ta kai minti uku ba, amma Baba aka yi wa, kuma ni na jawo. Wannan zan riƙe shi har in mutu, ba sai kin tuna mini ba.

Tsoho Gurdip ya taso a hankali, ya miƙa wa Ombija sanda ya ce, "Ɗana, riƙe mana yadda ka gani a mafarkin." Ya riƙe dama a sama. Fili ya sake fashewa. Nan take Ombija ya nuna ni ya ce, "Wancan jahilin ne ya juya mini zane wurin bugu." Kamar yadda kika faɗa, kalma da kalma.

Na fito da rigar gwaji daga cikin jakata na miƙa wa Shugaba. Ya karanta sa hannun, ya duba hatimin, ya dubi Ombija ta saman tabarau. Tsoho Gurdip ya ce, "To, mai zane, me ya sa ƙafar wandon mutumin nan ɗaya take a naɗe?" Ombija ya ce salo ne na zamani.

A nan na nemi izini. Abin da ban gaya miki ba shi ne, kowace riga sau uku na ja mata tawada, ina dannawa da ƙarfi, har ta ratsa yadin ta fito ta ciki baƙi ƙirin. Kwana tara na yi a kan aikin kwana biyu, maigidana yana ta faɗan ina ɓarnar tawada. Sunan Ombija kuwa sau ɗaya na shafa, sama-sama. Na ɗauki rigar da kyaftin ya yar, na kakkaɓe, na juya cikinta waje, na ɗaga.

Ga Baba, hagu a sama.

Tsoho Gurdip ya cire tabarau ya matso. Ya duba rigar da kyau. Sannan ya ce, "Obiero ne. Ƙafar dama yake naɗewa saboda sarƙar keke, kuma kullum sai ya manta ya sauke." Ya juya ga 'yan wasansa ya ce, "Wanda wannan mutumin bai taɓa gyara wa riƙo ba, ko shi ko wansa, ya ɗaga hannu." Hannu biyu kawai na gani, su ma 'yan Mombasa ne.

A juye suka sa rigunan, ɗinki a waje, aka manna musu lambobi da filasta. Sunan Ombija yana ciki, yana shan gumi. An tashi biyu da biyu da 'yan Nairobi, amma ba wanda ya ƙara tafiyar agwagwa. Na ji an ce kwamiti zai zauna a kansa ranar Laraba, an kuma karɓe takardar yabon. Tsoho Gurdip ya ce in je da hoton, za a sa sunan Baba a ƙarƙashin tambarin. Na ce nasa ya isa, ba sai an sa nawa ba.

Mama ta ji labari a coci kafin in gaya mata. Ta yi kuka, sannan ta ja mini kunne.

Rigarki tana nan, an buga ta daidai ta waje. Ban aiko ba, tunda kin hana. In kin sauya ra'ayi ki rubuto.

Ƙanenki mai biyayya,
Okoth

Kibuye, Kisumu
24 ga Yuli, 1997

Zuwa ga Malam Benard Ombija,

Bayan gaisuwa, da fatan ka fito daga zaman jiya lafiya.

Na samu saƙonka cewa in je in gaya wa kwamiti tare muka yi zanen. Ka yi haƙuri, ni ba ni da ilimi, wa zai saurare ni?

Ga rigar gwaji nan da Shugaba ya maido mini, na haɗo maka. Sau ɗaya na ja mata tawada, ba ta juyuwa. Haka ka zana, haka kake so.

Takardar da ka ara ranar 14 ga Janairu, ka ce kwana biyu. Ina shago kullum daga ƙarfe bakwai. Ba na gaggawa.

A sauka lafiya,
Okoth ɗan Obiero