Randar Baba a Tsohuwar Hanya

Azare, Jihar Bauchi.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Abdulrashid,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajiya Mas'uda da iyali a can Kumasi, Ya kuma sauwaƙe maka ciwon gwiwar da na ji ya hana ka fita Juma'a. Mu nan sai godiya. 'Yata Khaulat ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunan Baba. Gero ya yi kyau wajen Itas, namu dai gwargwado. Ni kuwa ina nan yadda ka san ni, tsohon malamin makaranta da ba wanda ke tambayarsa komai.

Maganar 'yar'uwarmu Fatu ce ta sa na ɗauki biro. Ka ji labarin an zuba kwalta a hanyar da ta wuce Katagum ta nufi wajen ƙauyenmu, Tashar Kargo. Ka kuma san tun ranar da Inna ta cika a cikin Landirobar Babakura, muna kafe a yashi muna neman asibiti, na yi shekara talatin ina buga takardun koke a zuba wa hanyar kwalta, da Turancin da nake taƙama da shi. Ranar buɗe titin ba a ambaci sunana ba, ko kujera ban samu ba. Wannan ba komai, na saba. Abin da ban lissafa ba shi ne titin ya kauce wa garin da mil biyu.

Da, kowane direba sai ya tsaya ƙofar gidanmu ya rage iskar taya kafin ya shiga yashi. A nan fasinja zai sha ruwa ya yi salla, a ba da saƙo, a ɗauki marar lafiya. Yanzu ba mai tsayawa. Mai faci da mai shayi sun koma bakin titi. Babakura ya jingine motarsa kaji na ƙwai a ciki, yana cewa wai yau duk wanda ya iya riƙe sitiyari sai a kira shi direba, alhali ko sawun mota a rairayi bai iya karantawa ba.

Amma Fatu ba ta fasa cika randar nan da Baba ya kafa gindin tsamiya sadaka ga matafiya ba. Tun rasuwar mijinta Malam Zarami ita kaɗai ce a gidan, ga shekaru sun kusa saba'in, kuma da hannunta take jan guga. Sau biyu tana faɗuwa bakin rijiya. A na biyun tun hantsi take kwance sai azahar wata maƙwabciya ta gan ta. Yaya, idan aka yi na uku, ina tsoron labarin da zan aiko maka. Na share mata ɗaki a gidana, ta ce ba inda za ta, domin kai Baba ya bar wa randar, kai ka danƙa mata ranar da za ka tafi, kai kaɗai za ka sallame ta.

Ranar Alhamis na je da niyyar ba zan dawo ba sai da ita. Tana ganina ta yi dariya, ta ce ga Malam Mai Takarda, ya rubuta ya rubuta har ya kwashe mata baƙi, yanzu ya zo kwashe ta ita ma. Na ce to a mayar da randar bakin titi. Ta ce ai ba ni kaɗai ne mai ilimi ba, ta gwada. Kwana uku ta zauna can da tulu da moɗa, motoci na wucewa kamar an koro su, kowa da ruwan ledarsa a hannu, har wani ya wurgo mata kuɗi ta taga yana zaton bara take. Ta ce ko juyawa ba ta yi ta dube su ba.

Muka zauna gindin tsamiyar tun safe har la'asar, ko jaki bai gifta ba. Na fara jin daɗi, Allah Ya yafe mini, domin hujjata ta fito fili. Ina shirin cewa ta ɗaure kayanta sai ga mutum uku da raƙuma daga wajen Yobe. Suka ce tun da tirela ta kashe musu amalen raƙuminsu suka bar bin titi, tsohuwar hanya suka dawo, kuma daga inda suka taso ba ruwan da suka sa rai da shi sai wannan. Suka sha, suka cika salkar ruwansu, babbansu ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a da sunansa, mutumin da bai taɓa gani ba. Fatu kuwa wanke moɗa kawai ta yi ta kife.

Na komo Azare ni kaɗai, cikin minti hamsin, tafiyar da a da take cin yini. Direban da ya ɗauko ni yana ta sa wa titin albarka, wai matarsa da naƙuda ta zo mata a karkace titin nan ne ya cece ta. Na tuna Inna. Wallahi Yaya ban san abin da na yi ba. Ban san ko alheri na jawo wa mutanenmu ko kashe garin na yi ba, ban kuma san ko ɗauke Fatu ceto ne ko zalunci ba. Duk karatuna bai ba ni amsa ba.

Don Allah ka rubuta mata kai tsaye, ko ka sallame ta ko ka bar ta, amma kada ka jinkirta, kuma kada ka nemi shawarata. Jiya na aika mata sabuwar igiya da guga marar nauyi, sai da mota ta tashi na fara tunanin ko ƙara ɗaure ta na yi a can.

Ka gaida Hajiya Mas'uda, da Hussaini da matarsa, da Halimatu Sadiya. Mariyamu da Khaulat suna gaishe ka ƙwarai. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya sa mu gana da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Gali.