Layin Pareto na Bakin Shinge

Mombasa

Zuwa ga Wacera, Uwar Mukami,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da yarinya da Inna. Ni ina nan ina gadin siton mutane, sauro yana gadina.

Kibe direba ya sauke dankali a nan shekaranjiya. Tun kafin ya gaishe ni ya ce, "Ndiritu, gonarka ta yi ƙaura." Wai kin tumɓuke pareton da na dasa shekarar aurenmu, furen nan da ake maganin sauro da shi, wai yanzu gonar Gichuki ta yi fari fat da irina. Gichuki fa! Mutumin da yake rako ki daga coci kafin in kai awakin sadaki gidanku. Duk faɗin Kinangop babu mai hannu sai shi?

Ga ni nan ina sayen maganin sauro, in kunna, in shaƙi hayaƙin furen da wani ke tsinka. Ki faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Mijinki,
Ndiritu

Kinangop

Baban Mukami,

Muna gaishe ka, muna lafiya. Kibe dai bakinsa ya fi motarsa gudu.

Kai ka koya mini cewa tushen pareto in ya tsufa itace yake zama. Bara sai in wuni ban cika kwando ba. Da farkon damina na aika maka ka zo a tona, a tsattsaga, a sake dasawa, ka ce babu hutu. To ni da Inna za mu tona, ko Mukami? Gichuki ya tona, ni na tsaga. Ka kuma san wanda ya tona ba ya komawa gida hannu rabbana, da rabonsa na dashe yake tafiya. Haka kai ma ka sami naka a gonar kawunka.

Taka gonar ma fari take fat, sai dai idon Kibe bai kai nan ba. Ga busasshen fure na ba shi ya kawo maka, ka daka ka barbaɗa a garwashi.

Layi ɗaya na hana a taɓa, na bakin shinge, wanda muka dasa ina miƙa maka kana binnewa. Ya daina fure. Ruwan ƙarshen shekara ya kusa. Ba zan bari ya mutu ina kallo ba, ka kuma san wanda zan kira.

Ka huta lafiya.
Wacera

Mombasa

Uwar Mukami,

Ina gaishe ku. Saƙo ya iso. Na murza furen a tafin hannuna, ya bushe ƙayau, ba a jibge shi da danshi ba. An tsinke shi a kan kari, aikinki ne, na gane.

Kin fi ni gaskiya, ba zan ɓoye ba. Gichuki ma bai ci hakkina ba. Tun muna yara ba ya yanke saiwa in yana tono, ni kuwa gaggawa gare ni. Abin da ke ci mini rai ke nan. Da ɓarawo ne da na sami abin zagi. Amma ya sunkuya a inda nake sunkuyawa, kin kai masa shayi bakin gona, kun yi dariya. Kada ki ce ba ku yi ba, na san yadda ake dasa pareto.

Mai siton ya ce duk wanda ya tafi, wani zai gaji kulkinsa. Ki kira wanda za ki kira.

A gaishe da Inna.
Ndiritu

Kinangop

Baban Mukami,

Gaisuwa. Ruwa ya sauka. Gichuki ya ce Litinin zai zo. Jiya Mukami ta tambaye ni ko shi ne ya dasa na bakin shinge. Na ce a'a, babanki ne. Ta ce, "Wanne?"

Sai na ji daga gare ka.
Wacera

Mombasa

Wacera,

Ina gaisuwa. Kada kowa ya taɓa layin nan. Na mayar musu da kulkinsu, Kibe zai sauke ni Asabar.

Ki ce wa Gichuki ya ara mini fartanyarsa, ta fi tawa kaifi. Fartanyar kawai, shi ya zauna a gida.

Sai na iso.
Baban Mukami