Buzun Malam Ilu da Hoton da Aka Yaɗa a Zaurenmu

Zuwa ga Alhaji, shugaban zauren zumunta na waya na 'yan asalin Ikara, Makarfi da Kudan, tare da mataimakansa masu lura da abin da ake turowa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali da sauran mutanen gida. Yaya hidimar jama'a? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni malami ne a wata sakandare a ƙasar Makarfi, kuma ni ke ba ɗalibai shawara kan karatun gaba. Na kira wayar Alhaji ban samu ba, na tura saƙo ta gefe ba amsa. Shi ya sa na fito fili, tunda abin ma a fili aka yi shi. Kwanakin nan ko ina gaban allo hankalina ba ya aji, kuma lokaci yana ƙure mana.

Maganar ɗalibina ce, Sanusi, daga Nasarawan Doya. Jikan Malam Ilu ne, dattijon da ke karantar da littattafai a zaurensa, wanda ya riƙe yaron tun rasuwar mahaifinsa. Sanusi ya samu gurbin karatu kyauta a wata jami'a ta cocin Katolika a kudancin ƙasar nan, yana koyon harhaɗa magunguna. Ni na nuna masa gurbin, ni na yi ta sintiri zauren Malam har ya amince, ni kuma na raka shi makarantar. Ranar tafiya Malam bai ba shi wata doguwar nasiha ba. Buzunsa na salla ya naɗe ya miƙa masa, farin nan mai facin jar fata a gefe, ya ce, "Duk inda ka shimfiɗa wannan, ka san ina ganinka."

Ga abubuwan da nake so Alhaji ya duba.

1. A makon jiya aka turo hoto zaurenmu: wani yaro cikin sujada a wani aji, ga gicciye a jikin bango. A ƙasa an rubuta wai a jami'o'in Katolika sai ɗalibi Musulmi ya yi wa gicciye sujada kafin a bar shi ya rubuta jarrabawa, a yaɗa don Allah. Da lambar Alhaji aka turo shi. Na san ba Alhaji ne ya ƙirƙira ba, shi ma turo masa aka yi. Amma a wurin mutanenmu abin da ya fito daga lambar Alhaji ya wuce jita-jita, ya zama labari.

2. Ba a ga fuskar yaron ba. Wataƙila shi ya sa aka ɗauka ba wanda zai cutu. To, an ga buzun. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban Malam Ilu da littafi ya san facin nan. Kafin la'asar, daga ƙauyen Taba har na Furana an san ɗan wane ne.

3. Gaskiyar hoton. Ba zan ɓoye komai ba: akwai gicciye a azuzuwan makarantar. Tasu ce, alamar addininsu ce, ba su kuma ɓoye mana ba. Ajin da ke hoton na shige shi da ƙafata. Wani Fada, limamin cocin, shi ya buɗe mana shi, ya ce nan ɗalibai Musulmi ke salla idan an tashi daga lacca, har ya nuna mana famfon alwala a bayan ginin. Gicciyen yana bangon hagu, alƙibla tana wajen taga. Alhaji ya sake buɗe hoton ya dubi wuyan buzun. Mu duka mun san wuyan buzu alƙibla yake duba. Taga yake kallo, ba bango ba. Daga gefe aka ɗauki hoton, sannan wanda ya yaɗa shi ya datse tagar. Sanusi ya rantse mini ba a taɓa ce masa ya shiga coci ba, ba a taɓa rataya masa komai a wuya ba, kuma na yarda da shi, don tun yana aji ɗaya nake tare da shi.

4. Wanda ya ɗauki hoton abokin ɗakinsa ne, Ishaya, Kirista ɗan Kudan, shi ma ya bi ta hannuna. Ya sa shi a shafinsa da zolaya, ya rubuta cewa wannan liman ɗin nasu ko abinci zai ƙare ba ya fasa salla. Alhaji, wani abokin aikina Kirista ya nuna mini wannan hoton dai a nasu zauren na waya. Can an rubuta wai ɗalibai Musulmi sun ƙwace aji, sun kai ƙara a sauke duk wani gicciye da ke makarantar. Hoto ɗaya, ƙarya biyu, kowa an dafa masa wadda za ta ƙona shi. Yanzu mu muna cewa Sanusi ya sayar da addininsa, su suna cewa Ishaya ya sayar da nasa. Yaran nan biyu a kwano ɗaya suke cin abinci.

5. Abin da ya hana ni zama. Malam Ilu ba ya riƙe babbar waya. Labarin da baki ya same shi, bayan sallar magariba, a gaban almajiransa manya, an kuma ce masa daga wajen Alhaji ya fito. Sanusi yana gida hutu. Malam bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi a kawo buzun, ya rataye shi a ƙusa a zaure, ya ce karatun ya ƙare. Na je na durƙusa, na yi bayani, na nuna masa cikakken hoton mai taga. Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya mayar mini, ya ce, "Malam, kai ka kai shi, dole ka wanke shi. Ni idona ba ya ganin wannan abu. Kunnena ne ya ji, kuma daga babban mutum." Ban ga laifinsa ba. Amana aka bar masa.

Hutu zai ƙare ranar Lahadi mai zuwa. Ƙa'idar gurbin ita ce wanda bai koma ba, a ba wani gurbinsa. Jiya na tarar da Sanusi a gonar kakansa yana ɓarar masara, ya gaishe ni da fara'a kamar ba komai. Sai da zan tafi ya tambaye ni ko littattafansa da ya bari a can za a iya aiko masa da su. 

Ba cewa nake kowa ya kai ɗansa irin wannan makaranta ba. Uban da ya duba ya ce hankalinsa bai kwanta ba, haƙƙinsa ne, kuma ni kaina na sha ba wasu yara shawarar su nemi wani wuri. Amma ya yanke hukunci a kan gaskiya. Kullum ina ce wa ɗalibaina kada su tura abin da ba su tantance ba. Yanzu wasu daga cikinsu suna tambayata, to manyan fa?

Don haka ina roƙon Alhaji abu uku. Na farko, a goge hoton, a sa cikakken, da bayani daga lambar da ta turo na farkon. Na biyu, a sa doka a zauren: duk labarin da ya shafi addinin wani ko ɗan wani, a tambayi wanda ya sani kafin a sake shi. Muna da malamai da ɗalibai a ciki, kiran waya ɗaya ya isa.

Na uku shi ne babba, kuma na san ba shi da sauƙi ga mai girma irin Alhaji. Gyara a waya ba zai kai ga Malam Ilu ba. Ina roƙon Alhaji ya taka da kansa zuwa Nasarawan Doya kafin Lahadi, ya zauna a zauren Malam bayan magariba, a gaban mutanen da suka ji na farkon, ya ce an turo masa ne bai bincika ba. Zan zo da babur in yi jagora, ko in jira a bakin hanya, duk wanda Alhaji ya ga dama. Dattijon ba mai taurin kai ba ne. Jira yake wanda ya isa ya ce masa jikansa bai ci amanarsa ba.

Allah ya ƙara wa Alhaji girma da lafiya, ya sa zumuncin da ya haɗa mu dominsa ya ɗore, ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da bayinsa. Allah ya shirya mana zuriya.

Buzun yana nan a ƙusa, Alhaji. Na gwada, hannuna bai kai ba.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Yahuza, malamin Sanusi da Ishaya.